Tambayoyi da amsoshi kan yaran da ke yin suna a gasar ciyalidin ta Amurka

A Amurka akwai 'yan mata masu shekara 14 ko 15 da ba sa iya ratsa zauren gasa ba tare da ƙananan yara sun yi musu dafifi suna neman a ɗauke su hoto tare ba. Wasansu shi ne ciyalidin na gasa, wato cheerleading, wasan da ya haɗa ɗaga mutum sama da alkafura da rawa, kuma wasu daga cikinsu na da mabiya dubu ɗaruruwa a Instagram da TikTok tun ba su gama sakandare ba. Ga tambayoyin da iyaye da masu bibiyar wasan suka fi yi a kan wannan suna da abin da yake jawowa.

Wane irin wasa ne wannan, kuma me ya raba shi da wanda ake gani a bakin filin ƙwallo?

Asalinsu ɗaya. A Nuwamban 1898 wani ɗalibin Jami'ar Minnesota mai suna Johnny Campbell ya tsaya gaban 'yan kallo yana ba su baitin kirari suna amsawa, don a ƙarfafa wa 'yan ƙwallon makarantar gwiwa. Shekaru da yawa abin na maza ne, sai daga baya mata suka rinjaya. A 1948 Lawrence Herkimer ya kafa ƙungiyar 'yan ciyalidin ta NCA wadda ta riƙa shirya sansanonin horo, a 1974 kuma Jeff Webb ya kafa wata irinta mai suna UCA, wadda ta zama tushen kamfanin Varsity.

Nau'in da muke magana a kai ya rabu da bakin fili gaba ɗaya. Kulob-kulob ne masu zaman kansu, iyaye ke biya, kuma tawaga ba ta yi wa kowa kirari. Tana hawa dandamali mai sifirin (spring) a ƙarƙashinsa, tsawon ƙafa 54 da faɗin ƙafa 42, shimfiɗa tara a jere, ta yi wasan minti 2 da daƙiƙa 30 a kan kiɗa. Cikin wannan ɗan lokaci sai an ga ɗaga mutum sama, jifan kwando (cilla mutum sama a tare shi), hasumiyar mutane, alkafura a tsaye da a guje, tsalle-tsalle, sannan rawa. Matakin ƙwarewa daga 1 ne zuwa 7, kowane mataki da abin da aka halatta masa. Hukumar USASF, wadda aka kafa a 2003, ita ke tsara dokokin kulob-kulob, kuma tun 2004 ake yin gasar duniya tata a Orlando ta jihar Filorida, galibi cikin watan Afrilu.

Ta yaya yarinya ɗaya ke yin suna a wasan da mutum 30 ke yi tare?

Abu uku ne ke haɗuwa: tawaga mai suna, gurbi a tsakiyar dandamali, da waya. Akwai kulob-kulob da duk mai bin wasan ya san su, irin su Cheer Athletics a Plano ta jihar Tekzas, da Cheer Extreme a North Carolina, da California All Stars, da Top Gun a Miami, da Stingray a Marietta ta jihar Jojiya, da World Cup a New Jersey. Manyan tawagoginsu na da magoya baya kamar na kulob ɗin ƙwallo. Yarinyar da aka sa a gaba a irin wannan tawaga, idon kowa na kanta a kowace gasa.

Kafin 2010 sunan yana tsayawa ne a zauren gasa da bidiyoyin YouTube. Zuwan Instagram a shekarar ya sauya lamarin, domin ɗagawa ɗaya mai kyau ba ta wuce daƙiƙa goma, daidai abin da ake turawa a waya. Gabi Butler misali ce da kowa ya sani: ta yi fice tana yarinya ta hanyar wani shiri na YouTube da ya bi tawagar Smoed ta California All Stars, tun kafin duniya ta gan ta a shirin Cheer na Netflix a Janairun 2020, wanda ya bi tawagar Kwalejin Navarro da kocinta Monica Aldama. Wannan shiri ne ya fitar da sunayen 'yan wasan daga cikin da'irarsu zuwa gidajen mutanen da ba su taɓa ganin gasa ba.

Me ya sa mai tashi sama ce ta fi kowa samun mabiya?

Domin ita kyamara ke gani. Rukunin ɗagawa yawanci mutum huɗu ne: masu ɗauka biyu a gefe, mai tsaron baya, da mai tashi. Masu ɗauka su ke riƙe tafin ƙafarta, su lanƙwashe gwiwa a tare, su miƙe a tare. In ɗaya ta riga ɗaya da ko rabin daƙiƙa, ƙafa ɗaya za ta fi ɗaya tsawo, ƙugu ya karkace, sai a ga mai tashi ta zube. Mai tsaron baya ita ke riƙe idon sawu, ita ke ƙirga lokaci, kuma aikinta na farko shi ne kada kai da wuyan ta sama su taɓa ƙasa, ko da ita za ta sha gwiwar hannu a fuska. A jifan kwando, masu ɗauka biyu na sarƙe wuyan hannuwansu, ta taka a kai, a cilla ta sama ta ninka tsayin mutum, ta juya, a tare ta a hannu.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma a hoton da ake yaɗawa galibi an yanke 'yan ƙasa, hannuwansu kawai ake gani. Mu a ganinmu nan ne ɓarnar ta fara. Yarinyar da ta shekara tana ɗaukar wata a kafaɗa, hancinta ya sha bugu, ba a san sunanta ba, ga abokiyarta na rattaba hannu a rigunan yara. Wannan na cin zuciya, kuma ɗagawa ba ta yin kyau tsakanin mutanen da ke jin haushin juna. Akwai maza da mata masu alkafura da su ma suke yin suna, amma ba su kai yawan masu tashi ba.

Shin suna na ƙara wa tawaga maki?

A'a. Alƙalai na duba wahalar abin da aka yi, da tsabtar yadda aka yi shi, da yawan 'yan tawagar da suka yi shi a lokaci guda. Ana zaftare maki in an yi tangal-tangal, ko an faɗi, ko an taka dokar mataki. Babban burin tawaga shi ne ta sauka da sifiri, wato ba a zaftare mata komai ba. Ihun 'yan kallo na iya ɗaga wa yara gwiwa, amma babu gurbin yawan mabiya a takardar alƙali.

Akwai kuɗi a ciki ne?

Ga 'yan ƙalilan, akwai. Hanyoyin su ne tallar kaya a shafi, zama jakadiyar kamfanin riguna ko takalma irin su Rebel Athletic da Nfinity, koyar da ƙananan yara a taron horo na yini ɗaya, darasi na mutum ɗaya da ake biya da awa, da sayar da ribom ɗin gashi ko riga mai sunanta. Sai dai yawancin abin da ake kira jakadanci ba albashi ba ne. Kaya ne kyauta da lambar rangwame, wani lokaci ma iyaye ke biyan kuɗin jirgi zuwa wurin ɗaukar hoto.

A ɗaya gefen kuma kashewa ba ta tsayawa: kuɗin kulob kowane wata, rigar gasa ta ɗaruruwan daloli da ake sauyawa bayan shekara ɗaya ko biyu, kuɗin mai tsara wasa da mai haɗa kiɗa, kuɗin shiga kowace gasa, tikitin iyaye na shiga zaure, jirgi da otal. Wasu gasannin ma sai an sauka a otal ɗin da masu shiryawa suka zaɓa. A babban mataki jimillar na kai dubban daloli a shekara. Wanda ya ci gasar duniya zobe yake samu da lambar yabo. Don haka iyalin da suka shiga da niyyar suna zai mayar musu da kuɗinsu, mafi yawansu asara za su ƙirga.

In yarinya ta samu kuɗin talla, na wa ne?

Ya danganta da jiha. Kalifoniya na da dokar Coogan tun 1939, wadda ta tilasta a ajiye kashi 15 cikin 100 na abin da yaro ɗan wasan kwaikwayo ya samu a asusun da ba a taɓawa sai ya girma, kuma a 2024 aka faɗaɗa kariyar ta haɗa da yara masu fitowa a intanet. Jihar Illinois ta fara aiki da tata dokar ranar 1 ga Yulin 2024, don yaran da ba su kai 16 ba waɗanda ke fitowa a bidiyoyin da ake samun kuɗi da su. Faransa ta yi irin wannan doka tun 2020. A jihohi da dama har yanzu amanar iyaye ce kawai ke tsare kuɗin.

Ko doka ba ta tilasta ba, a buɗe wa yarinyar asusu na daban, a riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a ware na haraji. Kafin a sa hannu a yarjejeniya a duba abu huɗu: wata nawa za ta yi, ko ta hana aiki da wasu kamfanoni, tsawon lokacin da kamfani zai yi amfani da hotonta, da yadda ake fita. Yarjejeniyar da ta ba kamfani hoton yarinya har abada a kan takalmi ƙafa biyu, a ƙi ta. Sannan hukumar kasuwanci ta tarayya, FTC, ta wajabta a bayyana a fili cewa talla ce, ko da kaya kawai aka bayar.

To wa ya fi cin moriyar sunan yaran?

Kulob da kamfanoni. Tauraruwa ɗaya na jawo wa kulob sababbin ɗalibai a lokacin tantancewa, wanda ake yi a watan Mayu bayan gasar duniya. Shi ya sa ake zawarcin yara daga wani kulob zuwa wani, har wasu su bar jiharsu su zauna a gidan wasu iyalai, suna karatu ta intanet.

Sama da kowa akwai Varsity, wanda ke shirya manyan gasanni da yawa, yana sayar da riguna, yana gudanar da sansanoni, yana kuma da tashar da ake biya a kalli gasa. Kamfanin zuba jari na Bain Capital ya sayi uwar kamfanin a 2018 kan kusan dala biliyan 2.5, wani kamfanin zuba jari mai suna KKR kuma ya karɓa a 2024. An kai Varsity ƙara kan zargin kankane kasuwa, inda aka yi sulhu da masu kulob kan dala miliyan 43.5 a 2023, aka kuma yi da iyaye kan dala miliyan 82.5 a 2024. Fuskar yara ce ke sayar da tikiti da riga, su kuwa su ke biya kafin su hau dandamali.

Suna na da hannu a yawan rauni?

Wasan da kansa yana da haɗari. A 2012 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kusan kashi 66 cikin 100 na munanan raunukan da 'yan mata 'yan wasa suka ji a sakandare cikin shekara 25 daga ciyalidin ne, wato raunin kai da wuya da laka. Dokar da ta hana jifan kwando a kan daɓe mai tauri, wadda ta fara aiki wajen 2006, ta rage irin wannan sosai. Na yau da kullum kuwa su ne targaɗen idon sawu, ciwon wuyan hannu, tsagewar ƙashin baya saboda yawan lanƙwasa, da jijjigar ƙwaƙwalwa, wadda ke samun masu ɗauka kamar yadda take samun masu tashi.

Suna na ƙara wuta ta hanya uku. Na farko, babu benci, wato babu 'yan canji masu jira. Kowace yarinya na da gurbinta a wasan, in ta fita sai an sake tsari, don haka wadda aka zo kallo na jin nauyin ta faɗi cewa kanta na ciwo. Na biyu, ana ɗora mata aiki: tawaga biyu, darussa na daban, taron horo a ƙarshen mako, alhali ƙashinta bai gama girma ba. Na uku, neman bidiyon da zai yaɗu na sa yara gwada abin da ba su kai ba a kan ciyawa, bakin teku ko falon otal, babu koci babu shimfiɗa.

Ƙa'idar buguwar kai ba ta da sassauci. In bayan faɗuwa akwai ciwon kai, jiri, amai, ƙin haske ko ruɗewa, ta gama wasa a ranar, ko da wasan ƙarshe ne na gasar duniya. Likita ne zai sallame ta, kuma a koma daki-daki: tafiya da motsa jiki mai sauƙi, sai tsalle da rawa, sai alkafura, sannan ɗagawa, kowane mataki aƙalla awa 24, in alama ta dawo a ja baya. Likitocin yara na ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a mako, da wata biyu zuwa uku a shekara, da barcin awa 8 zuwa 10.

Mene ne toshewar da ake cewa tana kama yara, kuma yaya batun nauyin jiki?

Toshewa ita ce yarinya ta wayi gari ta kasa yin alkafurar da ta shekara tana yi. Jikinta lafiya, amma da ta zo juyawa baya sai ta tsaya cak. Ba taurin kai ba ne. Yakan biyo bayan faɗuwa, ko saurin girma da ya sauya mata ma'aunin jiki, ko matsin lamba. Tsawa da barazanar cire ta na ƙara ƙulle abin. Maganin shi ne a koma matakin da take yi ba tsoro, a kan shimfiɗa mai laushi, koci na tallafe da ita, a riƙa janye hannu sannu a hankali. A kashe wayoyi a wurin horon, domin wadda dubban mutane suka saba ganin ta iya, kunyar a gan ta ta kasa na ninka mata nauyi.

Batun nauyi ya fi kama masu tashi. Yarinyar da ta yi suna tana shekara 12 za ta balaga a gaban mabiyanta, a kuma rubuta mata a ƙarƙashin hoto cewa ta yi ƙiba. Gaskiyar fasaha ita ce mai tashi da ta iya ɗaure jikinta, ta matse ciki da cinya ta tsaya a kan ƙafarta, ta fi sauƙin ɗagawa a kan ƙarama mai saki jiki. Alamun da ke cewa a je wurin likita: tsallake abinci, shiga banɗaki da zarar an gama ci, yawan jin sanyi, rauni da ba ya warkewa, da ɗaukewar jinin al'ada har wata uku. Kocin da ke auna yara a sikeli a gaban 'yan uwansu, a nemi wani kulob.

Su waye ke bin shafukan yaran nan?

Mafi yawa yara ne 'yan uwansu. Amma shafin da ke buɗe, cike da hotunan yarinya cikin rigar gasa, yana jawo manyan maza da ba ruwansu da wasa. Suna kwashe hotuna, suna buɗe shafin bogi da sunanta, suna aiko saƙo a matsayin masu kamfani ko masu ɗaukar hoto. Jadawalin gasa kuma a fili yake, kowa na iya sanin zauren da za ta kasance da awar da za ta hau.

Haɗarin na iya fitowa daga cikin wasan ma, kuma suna ne ke buɗe masa ƙofa. Jerry Harris, wanda shirin Netflix ya mayar abin so a Amurka, an kama shi a Satumban 2020. Wasu tagwaye maza ne suka tona shi, waɗanda ya fara nema suna da shekara 13 ta hanyar saƙonnin waya da haɗuwa a wuraren gasa. Mahaifiyarsu ta kai rahoto ga USASF watanni kafin a dakatar da shi. Ya amsa laifi a Fabrairun 2022, aka yanke masa shekara 12 a Yulin shekarar. A Satumban 2020 ɗin ne jaridar USA Today ta gano kusan mutum 180 masu alaƙa da wasan da aka taɓa tuhuma da laifin lalata da yara, amma sunayensu ba sa cikin jerin waɗanda hukumomin wasan suka haramta. Yaro ba ya iya cewa a'a ga wanda yake kallo a matsayin gwarzo, manya kuma na jinkirin yarda da ƙorafi a kan wanda kowa ke so.

'Yarmu ta fara tara mabiya. Me ya kamata mu yi tun yanzu?

Ku riƙe makullin shafin. In ba ta kai 13 ba, dokar Instagram da TikTok ma ba ta ba ta damar shafin kanta ba. In ta kai, ku san kalmar sirrin, ku sa tabbatarwa mai mataki biyu, ku rufe saƙon baƙi, ku kuma sa adireshin imel na iyaye don duk maganar talla. Ku duba ƙididdigar mabiyan da shafin ke nunawa: in kuka ga manyan maza na ƙaruwa, ku mayar da shafin na sirri, ku share su, ko da adadi zai ragu da rabi. Kada a sa hoton otal, makaranta ko ƙofar gida, kuma a jinkirta tura hoton gasa sai an bar wurin.

A zaure, ta sa riga a kan kayan gasa in ba dandamali za ta hau ba. Ɗaukar hoto da magoya baya ya zama bayan wasa, na ɗan lokaci, babba na tsaye. Tsakaninta da duk wani babba, koci ne ko tsohon tauraro, babu saƙo na mutum biyu, babu mota ko ɗaki su kaɗai. Ku tambayi kulob ko an binciki tarihin duk ma'aikatansa, har da masu zuwa horo na kwana biyu, ku kuma duba jerin waɗanda aka dakatar da kanku.

In wani ya nemi hoton tsiraici ko ya yi mata barazana da shi, kada a goge saƙon, kada a biya. A ɗauki hoton allon, a kai wa 'yan sanda kai tsaye ba tare da jiran kulob ba, a kuma sanar da NCMEC, cibiyar Amurka mai kula da yaran da suka ɓace ko aka ci zarafinsu, wadda ke da layin karɓar rahoto da tsarin Take It Down na taimakawa a sauke hotunan yara. Ku faɗa mata tun kafin komai ya faru cewa ba za a raba ta da wasa ba don ta kawo ƙara, domin tsoron haka ne ke rufe bakin yara da yawa.

Koci fa, yaya zai riƙe tawagar da ke da tauraruwa?

Doka ɗaya ga kowa: wadda ta yi fashin horo saboda ɗaukar hoton talla, hukuncinta daidai da na kowa. A shafin kulob a sa rukunin ɗagawa gaba ɗaya da sunan mutum huɗun. A horar da wata a gurbinta tun farkon kaka, don ta san in ta ce ba ta da lafiya tawaga ba za ta rushe ba. A kuma nemi izinin iyaye a rubuce kafin a sa fuskarta a tallar kulob.

Ina sunan ke kai su bayan sun wuce shekarun gasa?

Manyan rukunonin yara na ƙarewa ne a wajen shekara 18 zuwa 19. Daga nan akwai rukunin manya, da tawagogin kwaleji masu zuwa gasar NCA a Daytona Beach ko ta UCA a Orlando. Sai dai hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ba ta ɗauki ciyalidin a cikin wasanninta ba, kuma a 2010 wata kotun tarayya, a shari'ar Jami'ar Quinnipiac, ta ce ba za a ƙirga shi a matsayin wasan jami'a ƙarƙashin dokar daidaiton maza da mata ba. Wannan ya sa tallafin karatu bai kai na 'yan ƙwallo ba, galibi wani yanki ne na kuɗin makaranta. Amfani ɗaya na rashin kasancewa ƙarƙashin NCAA shi ne 'yan ciyalidin na jami'a sun riƙa karɓar kuɗin talla tun kafin a buɗe wa sauran 'yan wasa wannan ƙofa a Yulin 2021.

Kwamitin Olamfik na duniya ya amince da hukumar ciyalidin ta duniya, ICU, cikakkiyar amincewa a 2021, amma wasan bai shiga jadawalin gasar ba tukuna, kuma babu wata daɗaɗɗiyar gasar ƙwararru mai ciyar da ɗimbin 'yan wasa. Waɗanda suka zauna a harkar sukan zama koci, masu tsara wasa, alƙalai ko masu kulob. Mabiyan kuwa na tawaga ne da gurbi fiye da na mutum, kuma da sabuwar mai tashi ta hau tsakiya a kaka mai zuwa, da yawansu can suke komawa. Saboda haka in an zo zaɓen kwaleji, a fara da kwas ɗin da za ta karanta da abin da za a biya bayan an cire tallafi, sannan a duba tawagar.